Hukuncin Ɗanɗana Giya Mai Ƙamshin 'Ya'yan Itace

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya yalwata wa bayinSa halal har ta ishe su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya fita daga Sakkwato ya kama hanyar Jega zai ratsa Bodinga, sa'an nan ya ratsa Shagari, garin marigayi Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Wannan hanya ita ce samarin waɗannan garuruwa suke bi in an gama girbi su tafi cin rani Ikko ko Ibadan, ita ce kuma ɗalibai da 'yan kasuwa suke bi zuwa manyan birane, wasunsu ma har ƙasashen waje. To, a can sukan tarar da wani irin abin sha wanda iyayensu ba su san shi ba. A ido ya yi kama da ruwan lemo, a hanci kuwa ƙamshin mangwaro da abarba da gwaiba ke tashi daga cikinsa. Sai abokin aiki ko abokin karatu ya miƙo kofi ya ce a ɗanɗana kawai a ji, ai kurɓi ɗaya ba ya bugar da kowa.

A ɗauka irin wannan saurayi ya komo gida, ya durƙusa gaban malaminsa na zaure ya ce, "Allah gafarta malam, ni ban sha ba, harshe kaɗai na sa, kuma abin nan ƙamshin mangwaro yake yi." Amsar da ta kamaci wannan tambaya ita ce darasin wannan mako.

MENE NE WANNAN ABIN SHA?

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka ya kamata a fara da sanin yadda ake yin sa.

Turawa suna kiransa fel-el, watau giya mai hasken launi, kuma asalinsa daga Ingila ne. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar da shi, a ɓarza, a zuba masa ruwan zafi domin zaƙin da ke cikin ƙwayar ya fito. Sa'an nan a tace ruwan a tafasa shi tare da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, wanda shi ne ke ba giya ɗacinta, yana kuma hana ta saurin lalacewa. In ya huce sai a zuba masa yisti a rufe na wasu kwanaki. Yistin nan shi ke cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska mai tada kumfa. Duk wanda ya san yadda ake dafa burukutu da tsiron dawa zai ga cewa hanyar ɗaya ce, hatsin ne kaɗai da kayan aikin suka bambanta.

A zamanin da Ingila take mulkin Indiya, masu dafa giya na Landan da na garin Barton sukan cika mata hof domin ta jure doguwar tafiya a jirgin ruwa. Daga baya manoma a Amurka, musamman a kwarin Yakima da ke Jihar Washinton, suka yi ta auren irin hof har suka sami waɗanda furensu ke ƙamshin 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi. Akwai irin da ake kira Cascade wanda aka fitar a 1972, akwai kuma Citra wanda ya zo bayansa da fiye da shekara 30. Abin lura a nan shi ne, yawancin wannan giya ba a matsa mangwaro ko abarba a cikinta ko kaɗan. Ƙamshin yana fitowa ne daga man da ke jikin furen hof. Wadda ma aka ƙara wa ruwan 'ya'yan itace, ƙarin bai raba ta da barasarta ba.

Barasar da ke cikinta takan kai kashi 5 cikin 100, wani lokaci ta ɗara haka. Watau kwalba mai cin mililita 600 tana ɗauke da mililita 30 na tsantsar barasa. Wanda ya sha kwalba uku ko huɗu zai bugu kamar yadda mashayin burukutu yake buguwa. Wannan shi ne haƙiƙanin abin, a kansa ne kuma hukunci zai hau.

YADDA ALƘUR'ANI YA HARAMTA GIYA

Larabawan jahiliyya mashaya ne ƙwarai, shi ya sa Allah cikin hikimarSa bai yaye su daga giya rana ɗaya ba. A Suratun Nahli, aya ta 67, wadda ta sauka tun a Makka, an ambaci abin maye da ake samu daga dabino da inabi daban, aka ambaci kyakkyawan arziki daban, masu hankali kuwa suka fahimci ishara. A Suratul Baƙara, aya ta 219, aka bayyana cewa giya da caca suna da amfani ga mutane, amma zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye. Daga ƙarshe Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta yanke magana: ta jera giya tare da caca da gumaka, ta kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ta yi umurni a nisance su.

Malaman tafsiri sun ja hankali ga wannan umurni na nisanta, domin ya fi hanin sha faɗi. Wanda aka ce masa ya nisanci rijiya, ba a bar masa damar zama a bakinta yana leƙe ba. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa yana cikin shayar da wasu sahabbai a gidan Abu Ɗalha sa'ad da mai shela ya sanar da haramcin, nan take aka umurce shi ya zubar da abin da ya rage, har giya ta gudana a lungunan Madina. Ba a ji wanda ya nemi a bar shi ya ƙarasa abin da ke cikin ƙoƙonsa ba.

GIYAR HATSI A ZAMANIN ANNABI

Wani zai ce giyar da Alƙur'ani ya hana ta inabi ce, wannan kuwa ta sha'ir ce. An riga an yi wannan tambaya tun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raye. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da aka aika Abu Musa al-Ash'ari zuwa Yaman, ya tambayi hukuncin abin sha iri biyu da mutanen can suke yi, ɗaya da zuma, ɗaya kuma da sha'ir ko dawa, wanda suke kira mizru. Amsar da aka ba shi ita ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an tambayi Annabi game da wani abin sha mai suna gubaira'u, ya ce babu alheri a cikinsa, ya kuma hana shi. Malamai sun bayyana cewa gubaira'u giyar dawa ce ta mutanen Habasha, watau 'yar'uwar burukutu da fito na wannan ƙasa.

Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya faɗa a kan mumbarin Madina cewa sa'ad da haramci ya sauka ana yin giya ne da abu biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Ya ƙara da cewa giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Ga sha'ir nan an kira sunansa ƙarara. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa ya bambanta giyar inabi da tsimin hatsi wanda bai kai ga bugarwa ba, amma fatawar da malaman mazhabarsa na baya suka tsaya a kai ita ce ta almajirinsa Muhammadu ash-Shaibani, wadda ta dace da ta Malik da Shafi'i da Ahmad.

Game da sauya suna kuwa, Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗin Annabi cewa wasu daga cikin al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna dabam. Kyan kwalba, da hoton abarba a jikin gwangwani, da sunan da ba a ji kalmar giya a cikinsa ba, duk suna ƙarƙashin wannan gargaɗi. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka nan wanda ya karanta adadin barasa a jikin kwalba ya san abin da ya riƙe.

KURƁI ƊAYA DA SA HARSHE

A nan ne ainihin tambayar saurayin take. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Saboda haka ba a duban ko wannan kurɓi ya bugar da wannan mutum. Ana duban jinsin abin shan ne: in an sha shi da yawa yana bugarwa? In amsar i ce, to, cokali ɗaya da tulu ɗaya hukuncinsu ɗaya wajen haramci.

A kan haka littattafan da ake karantawa a zaurukan Bodinga da Shagari suka tafi. Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa wanda ya sha giya ko tsimi mai sa maye haddinsa bulala 80 ne, ya bugu ko bai bugu ba. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya tabbatar da haka ko da abin da aka sha kaɗan ne, ya keɓe wanda aka tilasta, da wanda loma ta sarƙe shi har ya ji tsoron halaka bai kuwa sami wani ruwa ba. Bai keɓe mai neman magani ba, domin Muslim ya ruwaito cewa da Ɗariƙ ɗan Suwaid ya ce don magani yake yin ta, Annabi ya sanar da shi cewa ita cuta ce, ba magani ba. Mai son ya ji ɗanɗano kuwa ba a tilasta shi ba, loma ba ta sarƙe shi ba, saboda haka ba shi da wata mafaka a cikin waɗannan.

Saura wanda ya sa a baki ya tofar. Malamai sun ce haddi ba ya hawa kan mutum sai abin ya wuce maƙogwaro. Amma faɗuwar haddi daban, halacci daban. Giya najasa ce a wurin mazhabobin nan huɗu, ba ya kuwa halatta Musulmi ya sa najasa a bakinsa da gangan ba tare da lalura ba, balle kuma ya saɓa wa umurnin nisanta. Abin da ya wajaba a kan wanda ya yi haka shi ne ya kurkure bakinsa, ya wanke inda ta taɓa a jikinsa ko tufarsa kafin ya yi salla, ya tuba, kada ya koma. Wanda kuwa aka ruɗe shi, ya kurɓa yana zaton lemo ne, babu laifi a kansa, sai dai ya tofar da zarar ya gane.

Ƙamshi kuma ba ya wanke abin sha, hasali ma a mazhabar Malik shaida ne a kan mashayi. Ya zo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ji warin abin sha a bakin wani mutum, mutumin ya ce ai dafaffen ruwan inabi ne. Umar bai tsaya a kan sunan ba, sai ya ce zai bincika ko abin yana sa maye, da ya tabbata yana sawa ya yi masa cikakken haddi. Sai dai a kiyaye, tsayar da haddi aikin alƙali ne bayan shaida ta tabbata, ba aikin mutanen unguwa ba.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Ƙasar Bodinga ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya zauna a Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, mai tafsirin Liya'ut Ta'wili, ya zauna a Bodinga kusa da shi kafin ya koma Gwandu. A cikin Kitabul Farƙi, daga cikin abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan da ya tarar da su akwai ci da sha da sa tufafin da ransu ya so ba tare da duban halal ko haram ba. Watau laifin da ya gani shi ne mai da sha'awa ta zama ma'auni, wanda kuwa ya ce zai ɗanɗana domin abin yana da daɗin ƙamshi, da wannan ma'auni ya auna.

Dokar ƙasa ma ta bi sawu. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ya sa shan barasa ya zama laifi ga Musulmi a sashe na 403. Daga shekarar 2000 kuma Jihar Sakkwato ta shiga cikin jihohi 12 na Arewa da suka komo da shari'ar Musulunci a kan laifuffuka. Masu ilmin lafiya su ma sun ƙara shaida, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya cikin shekarar 2019 kaɗai.

Akwai mas'alar da ta shafi manoma kai tsaye. A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara. Ko da yake an ɗage hanin daga baya, dawa ta riga ta sami shiga wannan sana'a. Tirmizi ya ruwaito la'anar mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Daga nan malaman Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Saboda haka manomin da ya kai dawarsa kasuwa ya sayar wa wanda ya taya, ba a ɗora masa binciken inda za ta ƙare ba. Amma in ya san lalle mai sayen wakilin masu dafa giya ne, bai halatta ya sayar masa ba ko da ya fi kowa tayi. Haka nan saurayin da ya sami aiki a otal, ya nemi a sa shi sashen da ba a miƙa giya.

KUNUN ZAƘI, FURA DA ZOƁO FA?

Ma'aunin da ya haramta giya mai ƙamshin mangwaro shi ne kuma ya kare abubuwan sha na gida daga masu tsanantawa. Akan sami wanda zai ji fura ta yi tsami, ko ya ji labarin cewa kunun zaƙi yana ɗan tsimuwa, sai ya ɗaga murya ya ce haramun ne. Wannan kuskure ne, haramta halal kuwa laifi ne kamar halatta haram. Tsamin nono da na fura da na koko aikin wasu ƙwayoyin halitta ne da ke mai da zaƙi tsami, kuma ko mutum ya shanye ƙwarya guda, abin da zai same shi ƙoshi ne da barci.

Annabi kansa ya sha tsimin dabino da na zabibi. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ce sukan jiƙa masa da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Ibnu Abbas kuma ya ruwaito cewa yakan sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan haka a ba wani ya shanye ko a zubar. Darasin da ke ciki shi ne, ruwa mai zaƙi halal ne har zuwa sa'ad da ya juya. Kwana ukun nan ba iyaka ce da za a dogara da ita a ko'ina ba, domin a ƙasar Sakkwato ma'aunin zafi yakan wuce 40 a watan Afrilu, a irin wannan yanayi kuwa abin sha mai sukari yana saurin juyawa.

Saboda haka matan da ke dama kunun zaƙi da zoɓo da ruwan tsamiya don sayarwa a tasha da kasuwa su lura da alamu. In jarka ta kumbura, ko murfin ya yi tsaki da aka buɗe, ko kumfa na tasowa da kanta ba a girgiza ba, ko wari mai hawa kai ya maye gurbin ƙamshin citta da kanumfari, to, a zubar. Asarar jarka ɗaya ta fi sauƙi a kan shayar da Musulmi abin da ake shakka. A dama daidai abin da za a sayar a yini, a wanke mazubi sarai kafin a sake zubawa, domin ragowar jiya ita ce ke tsimar da na yau.

Shi kansa furen hof tsiro ne mai tsarki, ba ya sa maye. Wasu daga cikin ruwan malt da ake sayarwa a kantuna akan sa musu shi kaɗan, kuma tun da ba a bar su sun tsimu sun zama barasa ba, halal ne. Wadda malaman wannan zamani suka yi saɓani a kanta ita ce giyar da aka dafa ta zama giya sosai sa'an nan aka zare mata barasa, wadda a wasu ƙasashe akan bar mata har rabin kashi 1 cikin 100. Wasu sun ce tun da ta taɓa zama giya najasarta na nan, wasu sun ce tun da maye ya gushe hukunci ya gushe. Mai son kuɓutar da addininsa ya bar ta, tun da ba a rasa abin sha ba.

KAMMALAWA

Amsar da ta dace malam ya ba almajirinsa ke nan: abin da ya sa wa harshe giya ce, ƙamshin mangwaro bai canja ta ba, ƙarancin abin bai halatta shi ba, ƙofar tuba kuwa a buɗe take. Ba kuma a tozarta shi don ya zo ya tambaya. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawowa gaban Annabi saboda shan giya, har wani daga cikin jama'a ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Iyaye da malamai su riƙi wannan, su koya wa yaran da za su yi tafiya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba kafin su buɗe, su kuma ja wanda ya zame a jiki har ya miƙe.

Allah Ya tsare zuriyar Musulmi daga abin da ke gusar da hankali, Ya wadata su da halal. Allah Shi ne Mafi sani.